Zafin Ruwan Teku da Hasashen Damina

Gabatarwa

Damina a Nijeriya tana zuwa ne da iska mai ɗauke da danshi daga Tekun Atlantika. Saboda haka ɗumi ko sanyin ruwan teku yana da tasiri a kan lokacin saukar ruwan sama da yawansa. Wannan darasi zai bayyana yadda masana ke amfani da kwamfuta wajen hasashen zafin teku, da amfanin haka ga manomi.

Dangantakar Teku da Ruwan Sama

A kowace shekara 2 zuwa 7, ruwan tsakiya da gabashin Tekun Pasifik yakan yi ɗumi fiye da yadda aka saba. Ana kiran wannan yanayi El Nino, kishiyarsa kuwa La Nina. A shekarun El Nino ruwan sama yakan ragu a yankin Sahel. An yi El Nino mai ƙarfi a 1972 da kuma 1982 zuwa 1983, lokutan da fari ya addabi arewacin ƙasar nan, ko da yake akwai wasu dalilai da suka taimaka. Haka nan idan Mashigin Tekun Gini ya ɗumama, ruwa yakan yawaita a kudu, ya ƙaranta a arewa mai nisa.

Yadda Kwamfuta ke Koyo

Taurarin ɗan'adam da na'urorin Argo kimanin 4,000 da ke yawo a teku su ne ke auna zafin ruwa. Kowace na'ura tana nutsewa mita 2,000 duk bayan kwana 10, sannan ta taso ta aika bayani. Akan loda wa kwamfuta taswirorin zafin teku na shekaru masu yawa, tare da abin da ya biyo bayan kowannensu, har ta gane alamomin da kanta, kamar yadda dattijon manomi ke gane hadarin da zai zubar da ruwa. A 2019 masana daga Koriya ta Kudu da Sin suka nuna cewa wannan dabara tana iya hango El Nino wata 17 kafin zuwansa, alhali hanyoyin da aka saba ba su cika wuce shekara ɗaya ba.

Sai dai hasashe ba tabbas ba ne. Yana nuna abin da ya fi yiwuwa a yanki mai faɗi, ba ranar da ruwa zai sauka a wata gona ba.

Shawarwari

1. Malamin gona ya samo hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, ya bayyana wa manoma kafin sharar gona.
2. Idan an yi hasashen gajeriyar damina, a shuka iri mai saurin nuna, a kuma yi kunya mai tare ruwa.
3. Kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko. A jira ƙasa ta jiƙu sosai.
4. Idan ana sa ran ruwa mai yawa, a gyara magudanai, a guji shuka masara a kwari.