Amsar Tambaya: Masarar TELA da Maganin Ciyawa

Wani manomi daga Vimtim, a Mubi ta Arewa, ya tambaya: "An ce gwamnati ta sako irin masarar da tsutsa ba ta ci, kuma maganin ciyawa ba ya kashe ta. Haka ne?"

Malam, rabin zancen gaskiya ne, ɗaya rabin kuwa zai iya janyo maka asara. Masarar da ake nufi ita ce TELA, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samar. Hukumar NBMA, mai tantance tsirran da aka sauya wa ƙwayar halitta, ta ba da izini a 2021, sannan a Janairun 2024 aka amince da iri huɗu, daga SAMMAZ 72T zuwa 75T. An yi su ne don jure fari da tsutsar nan da ta shigo mana a 2016, wadda ke ɓuya a tsakiyar ganye, ka buɗe ka ga kashinta kamar garin katako.

Amma TELA ba ta jure maganin ciyawa mai ƙona komai. Don Allah kar ka fesa mata shi bayan ta tsiro, za ta mutu.

Tagwaitaccen iri ce, in ka ajiye hatsin bana ka shuka baɗi amfani zai ragu. Ni dai shawarata, saya a buhu mai hatimi, ka guji na kwano a kasuwar Mubi, ka fara gwadawa a gefen gona tukuna.