KARATU TA HANYAR BINCIKE: ABIN DA YA KAMATA UWA TA SANI

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani salon koyar da yaran firamare da na ƙaramar sakandare da ake kira karatu ta hanyar bincike. Dalilin ɗauko shi kuwa, yau kusan kowace unguwa kika shiga sai kin ga allon makaranta an rubuta "Intanashinal", maigida ya yi ta fama da kuɗin makaranta, ke kuma ba ki san me ake sayar muku ba. To, bari mu san asalin abin, don mu iya bambance tsaki da tsakuwa.

MA'ANARSA

Wata rana na tambayi wata ɗalibata 'yar shekara 9 ko nawa ne 7 sau 8, nan take ta ce 56. Sai na ce mata, "Yara 7 ne, kowa an ba shi dabino 8, dabino nawa aka raba?" Yarinyar nan ta yi shiru tana kallona. Kin ga ta haddace amsa, amma ba ta san inda amsar take aiki ba. Wannan ciwon ne karatu ta hanyar bincike yake son ya magance. Maimakon malami ya fara da amsa yara su kwafa, sai a fara da tambaya, yara su nemo bayani, su gwada, su tattauna, malami yana yi musu jagora har su kai ga amsar da kansu.

DAGA INA YA FITO?

Tunanin ya daɗe. Wani masanin ilimi na Amurka mai suna John Dewey ya buɗe makarantar gwaji a birnin Chicago a 1896, inda yara ke koyo ta hanyar yin abu da hannunsu. Amma tsarin da ya fi shahara a makarantun ƙasa da ƙasa shi ne na ƙungiyar International Baccalaureate, wadda ake taƙaitawa da IB. An kafa ta a birnin Geneva na ƙasar Suwizalan a 1968. Matsalar da ta haifar da ita ita ce ta 'ya'yan ma'aikatan jakadanci da na ƙungiyoyin duniya, waɗanda iyayensu ke tashi daga wannan ƙasa zuwa waccan, suna buƙatar takardar shaidar da jami'o'in ƙasashe dabam-dabam za su karɓa.

Da farko tsarin na manyan ɗalibai ne, 'yan shekara 16 zuwa 19. A 1994 aka ƙaro na 'yan shekara 11 zuwa 16, wanda ake kira MYP, sannan a 1997 aka kawo na 'yan shekara 3 zuwa 12, wato PYP. Makarantu fiye da 5,000 ne ke bin tsarin IB a ƙasashe fiye da 150, har da ƙasashen Musulmi irin su Jordan, Turkiyya, Indonesiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa.

YADDA AKE YI A FIRAMARE

An gina karatun firamare a kan manyan jigogi 6: su wane ne mu, a ina muke a wuri da zamani, yadda muke bayyana abin da ke ranmu, yadda duniya ke gudana, yadda muke tsara zamanmu, da yadda muke tarayya da sauran halittu a doron ƙasa.

Ga misali. A ƙarƙashin jigo na ƙarshe malama za ta iya ɗauko batun ruwa na 'yan makonni. Ba za ta fara da rubutu a allo ba, sai ta ce, "Ruwan da kuka sha yau daga ina ya zo?" Wani ya ce famfo, wani ya ce rijiya, wata ta ce daga mai ruwa. Daga nan kowa ya je ya ƙirga bokiti nawa gidansu ke amfani da shi a rana, a tara, a zana jadawali: lissafi ke nan. A ajiye ruwa a faranti cikin rana a ga yadda yake raguwa: kimiyya ke nan. A duba taswira a ga kogunan ƙasa: labarin ƙasa ke nan. A rubuta wa shugabar makaranta wasiƙa kan famfon da ke zuba: an koyi rubutu ke nan. Batu ɗaya ya ɗinke darussa huɗu, kuma ya ƙare da aikin da ya amfani jama'a. A shekarar ƙarshe ta firamare yara kan zaɓi wata matsala ta gaske su bincika, su baje sakamakon a gaban iyaye da malamai.

YADDA AKE YI A ƘARAMAR SAKANDARE

A nan darussa sun kasu rukuni 8: harshe da adabi, koyon wani harshe, nazarin mutum da al'umma, kimiyya, lissafi, fasahar zane, kiɗa da wasan kwaikwayo, motsa jiki da kiwon lafiya, da ƙirƙira. Kowane rukuni ana ba shi aƙalla awa 50 a shekara. Dole ɗalibi ya karanta harshe biyu, kuma tsarin yana ƙarfafa a riƙe harshen uwa. A shekara ta 5 kowane ɗalibi zai yi aikin ƙashin kansa na tsawon watanni a kan abin da ya zaɓa, ya kuma rubuta rahoton yadda ya yi shi.

SHIN BINCIKE YA KORE HADDA?

A'a, 'yar uwa, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. A 2006 wasu masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun fitar da wata maƙala da ta yi fice, suka nuna cewa idan aka saki ɗan koyo ya gano komai da kansa ba tare da isasshen jagoranci ba, ba ya koyo sosai. Yaron da bai iya karatu ba me zai bincika? Wanda bai riƙe jadawalin sau ba, ƙirgar bokitin ma wahala za ta ba shi. Haruffa, ƙa'idojin lissafi, da haddar da yaranmu ke yi a Islamiyya, duk suna buƙatar malami ya koyar kai tsaye a kuma maimaita. Hadda ita ce hatsin da ke rumbu, bincike kuma shi ne girkin. Don haka makarantar da ta ce miki "mu ba ma takura wa yara, su ke koya wa kansu," ki yi hattara da ita.

TAMBAYOYIN DA ZA KI YI KAFIN KU BIYA KUƊI

1. Wane tsari kuke bi? Kalmar "Intanashinal" a allo ba shaida ba ce. Idan sun ce IB, ƙungiyar tana wallafa sunayen makarantun da ta amince da su a intanet, kuma tana komawa ta duba su lokaci-lokaci. Ki sa a duba miki.

2. Ku nuna mini littafin ɗalibi. Idan duk yaran aji rubutunsu iri ɗaya ne kalma da kalma, kwafe ake yi ba bincike ba.

3. Yara nawa ne a aji, kuma wane horo malamai suka samu?

4. Ya batun jarrabawa? Tsarin firamare na IB ba shi da jarrabawar waje ta gama-gari. Idan ɗanki zai zauna jarrabawar shiga sakandare, ko WAEC da NECO nan gaba, ki ji yadda za su shirya shi.

5. Ya batun salla, sutura da karatun addini? IB ba tsarin addini ba ne, wannan ya rage ga makaranta da ku iyaye.

RABONKI A GIDA

Mafi yawanmu ba mu da halin irin waɗannan makarantu, domin suna da tsada ƙwarai. Amma zuciyar tsarin, wato tambayar yaro, kyauta ce, kuma a gabanki take tsirowa ko ta mutu. Sau nawa muke ce wa yaro "ka cika surutu" alhali ilimi yake nema?

Gwada wannan. Idan 'yarki ta ce, "Umma, me ya sa ruwan randa ya fi na roba sanyi?" kada ki yi saurin amsawa. Ki ce, "Ke me kike gani?" Ku zuba ruwa a randa da roba, ku ajiye a inuwa ɗaya, bayan 'yan awoyi ta taɓa jikin kowanne. Za ta ji randa da danshi, roba a bushe. Sai ki bayyana mata cewa yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa, idan iska ta busar da shi sai ya tafi da zafin ruwan, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Wannan darasin ba za ta manta da shi ba.

In kuwa ta tambayi abin da ya fi ƙarfinki, ba abin kunya ba ne ki ce, "Mu tambayi malama gobe." Kin koya mata cewa matambayi ba ya ɓata. Sannan idan yara sun dawo daga makaranta, bayan "me aka koya muku?", ki ƙara da "wace tambaya ka yi yau?" Ki jarraba na mako guda ki ga abin da za ki ji.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.