Abin Da Kwabo Ɗaya Ya Kan Saya

Yara, in an buga ƙararrawar tara, ina ku kan nufa? Na san amsa. Bakin ƙofar makaranta ku kan ruga, inda masu talla su ke jere da farantansu. Mu ma haka mu ka yi, iyayenku ma haka su ka yi. Amma abin da ke cikin farantan ya sake, kuɗin da ke hannun yaro ma ya sake.

Irin abin nan da a kan saya a ci don marmari, shi a ke kira ƙwalama. Ba ya hana a ci tuwo, sai dai ya sa yaro ya yi ta haɗiyar yawu tun daga nesa.

Sa'ad da a ka sa ni makaranta, wajen ƙarshen shekarun 1950, ba a san naira ba. Da fam da sule da kwabo a ke ciniki. Kwabo 12 su ne sule, sule 20 kuwa fam guda. Ƙarƙashin kwabo akwai ɗari, watau rabin kwabo, sa'an nan ga anini, wanda sai an tara guda 10 su ke zama kwabo. Ni na tarad da anini yana gab da ɓacewa. Kwabo yana da huda a tsakiya, saboda haka mu kan zura shi a mazagin wando mu ƙulle, kada ya faɗi wajen wasa. Yaron da ya zo makaranta da kwabo cikakke, ranar nan abokansa su kan yi yawa.

Babban abin sayenmu shi ne ƙuli-ƙuli. Ga yadda matan gida su kan yi shi. A kan soya gyaɗa a kasko tare da yashi, don kada ta ƙone. In ta huce a murje ta, a sheƙe ɓawon, a zuba a turmi a yi ta daka har ta yi laushi. Sa'an nan a riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan kaɗan, ana juyawa da taɓarya, sai ka ga mai yana tsattsafowa. A kwashe man a zuba a kwalba. Abin da ya rage shi ne tunkuza. Ita a kan mulmula, wata a yi ta ƙulu-ƙulu, wata a lanƙwasa ta kamar zobe, a soya ta cikin man da ya fito daga jikinta. Kun ga, ba abin da ya tafi a banza.

Gyaɗar nan da mu ke gani kamar tamu ce tun fil azal, baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Kudu, 'yan Fotugal ne su ka kawo ta Afirka cikin jiragen ruwa, shekaru ɗaruruwa da su ka wuce. Amma ƙasarmu ta karɓe ta ƙwarai. Bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, manoma su ka duƙufa ga nomanta, har a ka riƙa jera buhunanta a Kano tsibi tsibi kamar duwatsu, ana kiransu dalar gyaɗa. Fari ya auku a 1973, wata cuta kuma ta faɗa wa gyaɗa a 1975, daga nan dalar ta ɓace. Ƙuli-ƙuli dai yana nan bai ɓace ba.

Ban da shi akwai dakuwa, wadda a kan daka da aya, da kantun riɗi, da gugguru na dawa, da mazarƙwaila. Ita mazarƙwaila daga rake a ke samunta. A kan matse rake a cikin injin da doki ke juyawa, a dafa ruwan a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a 'yan kwanoni ya daskare. Mutanen ƙasar Zazzau, musamman wajen Maƙarfi, sun yi suna a kan wannan sana'a. Nakiya da alkaki kuwa ba na kullum ba ne. Sai an kawo garar amarya a unguwa yaro ya kan ɗanɗana su, shi ma ɗan gutsure, in tsohuwar da ke rabo tana ƙaunarsa.

Amma a gare ni mai alewa ya fi kowa. Ya kan dafa zaƙinsa har ya yi danƙo, ya rataya shi a turke, ya ja, ya ninka, ya sake ja. Tun abin yana ja har ya koma fari. Mu kan kewaye shi mu saki baki. Wata rana uwata ta aike ni in sayo daddawa ta kwabo, na bi ta wajen mai alewa don in yi kallo kawai. Ban san sa'ad da kwabon ya bar hannuna ba. A daren nan an sha miya ba daddawa, ni kuwa na sha abin da na sha. Har yau in na ga alewa sai in tuna da tsumagiya.

To, yaron da ba shi da ko anini fa? Bai rasa ba, gama daji yana nan kusa, shi kuwa daji ba ya karɓar kuɗi. Ko wane lokaci da abin da ya kan bayar. Da kaka ga takanɗa a gona, ga fara a kama a soya. In sanyi ya shigo magarya ta nuna, haka kanya. Ga goruba, ga aduwa, ga kurna, ga taura, ga ɗinya mai baƙanta harshe, ga garin ɗorawa mai sa leɓe ya yi rawaya, har malam ya gane inda ka biya kafin ka buɗe baki. 'Ya'yan kuka mu kan fasa su a kan dutse mu tsotsi garin. Ba mu sani ba ashe magani mu ke sha. Masana sun auna garin nan, sun tarar yana da sinadarin bitamin C mai yawa, irin wanda ke cikin lemo, mai taimakon dasashi da fata.

Sukari kuwa a lokacin nan abin kanti ne, daga ƙasashen waje a ke kawo shi cikin kwali, 'yan ƙwayoyi farare masu kusurwa huɗu. Maigida ya kan kulle shi a akwati. A 1964 a ka fara yin sukari a Bacita, kusa da kogin Kwara, daga baya kuma a ka kafa wata masana'anta a Numan. Da sukari ya yawaita, sai farantan talla su ka fara sakewa. A 1970 kamfanin Cadbury ya fito da mintin nan baƙi mai ratsin fari, Tom Tom. Ran 1 ga Janairu, 1973, a ka bar fam da sule, a ka koma naira da kobo, sule 10 su ka zama naira guda. Yaran wannan zamani, watau iyayenku ko kakannin waɗansunku, su ne su ka tashi da biskit da cingam da minti mai takarda.

Matan gida ba su zauna sun zuba ido ba. Su ka ɗauki sukari da madarar kanti su ka ƙago nasu. Daga nan a ka sami tuwon madara, da gullisuwa, da iloka. Garin kuka ma a ka haɗa shi da sukari da launi, ya zama tsami gaye. Wajen shekarun 1990 awara ta yaɗu a garuruwanmu. Da waken suya a ke yinta: a jiƙa, a markaɗa, a tace, a tafasa ruwan, a zuba ruwan tsami sai ya dunƙule, a matse a yanka a soya. Cikin dukan baƙin da su ka shigo faranti, ita na fi yabawa, don tana gina jiki kusan kamar nama, ga ta kuwa da araha. A cikin shekarun nan ne kuma a ka fara yin taliyar Indomie a Nijeriya, firiji ya yawaita, a ka riƙa ƙulla zoɓo da kunun aya a leda ana daskarar da su.

Ga wani abu da ya kamata ku lura da shi. Kwanan baya jikana ya kwana yana kuka saboda ciwon haƙori, shekararsa bakwai. Da a ka duba, sai ga rami baƙi a turmin haƙorinsa. Mutane su kan ce tsutsa ce ta ci. Ba tsutsa ba ce. A bakin ko wane mutum akwai waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu sukari. In sun ci sai su fid da wani ruwa mai tsami, shi ne ke narkar da bayan haƙori sannu sannu har ya huda shi. Minti da a kan ajiye a kunci a yi ta tsotsa, shi ya fi ɓarna, domin ya kan daɗe a baki. Alewarmu ta dā ma sukari ce, ba na musu. Amma mu sai ran kasuwa mu kan same ta, jikana kuwa kullum sai ya sha minti uku ko huɗu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya fi kyau sukarin da babban mutum zai sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 6. Kwalbar lemo guda ta kan ƙunshi fiye da haka. An cire wa yaron haƙorin, yanzu ba ya kwanciya sai ya goge bakinsa da buroshi ko aswaki.

Bara na je garinmu, na nemi kanyar da mu kan hau a bayan ganuwa. An sare ta an yi itacen wuta, an gina shaguna a wurin. Na tambayi yara biyar da na tarar suna wasa ko sun san taura, guda ɗaya ne ya ce ya taɓa ganinta, ita ma a kasuwa. Goruba kuwa, wadda mu kan jefo da dutse mu cika aljihu, na saye ta ƙulle cikin leda, guda uku. Na zauna a gindin wani shago na gwada gurgurarta, sai na tarar haƙorana ba su iyawa. Na miƙa wa yaron nan da ya san taura.

Tambayoyi

1. Anini nawa ne ke cikin sule guda?
2. Mene ne tunkuza, me kuma a kan yi da ita?
3. Me ke huda haƙori?
4. Ku tambayi tsofaffin gidanku sunayen 'ya'yan itatuwa biyar da su ka ci suna yara. Ku rubuta waɗanda har yanzu a ke samu kusa da garinku, ku kawo wa malam gobe.