Mabiyiya da Aikinta

Wanda ya tsaya bakin iyaka a Jibiya, inda hanyar Katsina ta nufi Maraɗi, zai ga shanu da awaki da raƙuma suna ƙetarewa, waɗansu da ciki. To, ɗan da ke cikin uwa ba ya kiwo, ba ya shan ruwa, ba ya numfashi. Da me ya ke rayuwa?

Da mabiyiya ya ke rayuwa, wadda mata ke kira uwar tafiya. Tsoka ce mai yawan jijiyoyin jini, tana manne da bangon mahaifa, cibiya kuwa ita ce igiyar da ta haɗa ta da ɗan. Ta nan abinci da iska mai amfani su ke ratsawa daga jinin uwa zuwa jinin ɗa, daudar jikin ɗa kuma ta koma wajen uwa. Amma jinin nan biyu ba su gauraya, gama akwai tantani tsakaninsu.

Kowace dabba da irin tata. Ta mutum kamar faifai ta ke, nauyinta wajen rabin kilo. Ta saniya tana riƙe da mahaifa da waɗansu ƙulle-ƙulle kamar maɓallai, wajen 100. Ta goɗiya da ta taguwa kuwa ko'ina su ke manne. Akuya wata 5 ta ke ɗaukar ciki, saniya 9, taguwa 13, duk tsawon kwanakin nan mabiyiya ba ta hutawa.

Ga abu uku da ya kamata mai gida ya riƙe.

Na fari, jinin uwa yana da makaman yaƙi da cuta. Ga mutum suna ratsa mabiyiya su isa jariri, amma ga saniya da akuya ba su iya ratsawa. Saboda haka maraƙi ba shi da kariya sai ya sha dakashi, watau nonon fari, tun ranar haihuwa. Kada a hana shi.

Na biyu, in saniya ta kwana ta wuni mabiyiya ba ta faɗo ba, kada a ja da ƙarfi, a kira malamin dabbobi. In mace ce, sa'a guda ta wuce ba ta faɗo ba, ko jini ya tsananta, a kai ta asibiti nan da nan.

Na uku, akwai ciwon da ke sa shanu ɓari. Wani likitan dabbobi na ƙasar Danmak, sunansa Bang, ya gano ƙwayarsa cikin 1897. Tana taruwa cikin mabiyiya, ta kan kama mutum ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Cuta kuwa ba ta san iyaka ba. In dabba ta yi ɓari, a binne mabiyiyar da zurfi, a wanke hannu da sabulu, a kuma tafasa madara kafin a sha.