Yadda Ake Ɗaukar Hoton Birnin Kano Daga Asuba Zuwa La'asar

Wanda aka haifa a gindin Dala yakan yi shekara goma bai taka saman dutsen ba, amma baƙo ya sauka yau, gobe ka gan shi a can da kyamara. Sabo ne ke rufe ido. Ga yawon yini ɗaya a cikin ganuwa, kuma wayar da ke aljihunka ta wadatar.

Matakin farko tun da dare ake yin sa. Cika waya da caji, ka share tarkacen bidiyoyin da suka cinye wuri. Shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara. Sannan ka sa ƙyalle mai laushi a aljihu, domin da yawa daga hotunan da ke fitowa dishi-dishi ba laifin waya ba ne, maiƙon yatsa ne a kan gilashi.

Na biyu, kana idar da sallar asuba ka nufi Dala. Matakala 101 ce, kada ka hau da gudu, hannun mai haki ba ya tsayawa cak. A Kano rana na fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7, gwargwadon lokacin shekara, kuma sa'ar farkon nan ita ce jarin mai hoto. Haske yana zuwa a kwance, ja-ja, yana fito da kaushin katangar ƙasa da zankwayen tsofaffin soraye. Juya wa rana baya, Goron Dutse zai zo gabanka. Ɗora inda sama ta haɗu da gari a kan layin sama ko na ƙasa, ban da tsakiya. Idan sama ta yi fari fat, taɓa ta a fuskar wayar, alamar rana za ta fito, sai ka ja ta ƙasa kaɗan har launi ya dawo. Kada ka yi saurin sauka. Da iska ta ɗan yi ɗumi shirwa za ta fara shawagi, wani lokaci daidai da tsayin idonka. Ɗauki hotuna a jere, goma ko ashirin, ɗaya zai dace. Mai babbar kyamara ya kai saurin ƙiftawarta 1/1000 na daƙiƙa.

Lokacin shekara ma abin dubawa ne. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana haɗiye nesa, amma yana mai da rana kamar faifai, har ka iya sa ta cikin hoto ba ta ƙona shi ba. Ni dai a bar ni da safiyar Agusta bayan ruwan dare, lokacin da ƙura ta kwanta, gari ya fito tas.

Na uku shi ne Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Nan ne aikin yake, kuma mafi yawansa ba na yatsa ba ne, na baki ne. Shiga da wayarka a aljihu. Yi sallama, ka gaida mai rumfa, ka tambayi kasuwa, in da hali ka sayi citta ko kanumfari ko 'yar jakar fata. Sai ka ce, "Baba, in ba damuwa zan ɗauki hoton aikin nan." In ya ƙi, ka yi godiya ka wuce. In ya yarda, kada ka ce ya tsaya ya kalle ka, bar baduku ya ci gaba da ɗinkinsa. Minti biyar na farko zai ƙame kamar mai hoton fasfo, daga nan zai manta da kai, to a nan hoton yake. Lungunan Kurmi matsattsu ne, haske na tsiyayowa ta ɓular kwano. Nemi inda ya sauka, ka jingina da bango, ka jira mai tura baro ko mai tallan goro ya ratsa ta ciki. Matan mutane kuwa ba a ɗaukar su sai da izini. Haka almajirai. Yaro da kwano a hannu hoto ne mai arha, kuma ba ni ganin akwai gwaninta a cikinsa.

Na huɗu, da rana ta take ka huta. Hasken tsaka yana tara inuwa a ƙarƙashin ido, yana kashe launi. Ci gurasa bandashe, ka yi azahar, ka leƙa Gidan Makama in kana so.

Na biyar, bayan la'asar ka isa marinar Kofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Yi magana da marina tun farko a kan ɗan abin da za ka ba su, don kada a yi ta bayan an gama. Durƙusa daidai bakin rijiyar rinin, kada ka ɗauka daga tsaye. Kada kuma ka jawo hoto da yatsu biyu, yana farfashewa, matsa da ƙafarka. Ka sa ido sosai a kan ƙyallen: yana fitowa daga ruwan baba kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gabanka. Ɗauki fitowarsa, da shanyawarsa, da hannun marinin da ya rine har gwiwa. In ka ji ƙarar bugu, bi ta, za ka tarar da masu dukan yadi da mabugi har ya yi sheƙi.

A duk yawon nan, ban da ɗaukar shingen jami'an tsaro da barikinsu. Ka tafi da aboki, ya tsare maka baya, masu ƙwacen waya ba su san hoto ba. Kafin magariba ka kama hanyar gida.

Da dare ka zaɓi hotuna biyar, ka rufe ido ka share sauran da suka yi kama da juna. WhatsApp yana matse hoto, don haka tura shi a matsayin fayil. Na marinin nan kuwa ka kai a wanke, ka ba shi hannu da hannu ranar da ka sake bi ta Kofar Mata.