Da A Ce Duniya Tana Da Wata Biyu

A darasin labarin ƙasa wani ɗan aji uku ya tambaye mu, "Malam, in da wata biyu ne a sama, me zai faru?" 'Yan aji suka yi dariya, amma tambayar ba ta wasa ba ce. Bari mu bi ta sannu a hankali.

Da fari sai mu san aikin watan da muke da shi. Yana nesa da mu kamar kilomita 384,000, duk da haka yana jan ruwan teku. Gefen duniya da ke fuskantarsa ya fi jin jan, gefen da ke baya kuwa jan ya fi rauni, saboda haka ruwa yakan taru a gefen biyu. Duniya tana juyawa, shi ya sa mutanen bakin teku suke ganin ruwa ya cika ya janye sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kamar awa 12 da minti 25. Yawancinmu ba mu taɓa ganin wannan da ido ba, amma masunta a Legas da shi suke lissafin fita da dawowa. Rana ma tana ja, ko da yake ƙarfinta bai kai rabin na wata ba. Sa'ad da su biyu suka yi layi ɗaya da duniya, wato a ƙarshen wata da daren sha huɗu, sai cikar ta fi ta kullum.

To, mu ƙara wata na biyu. Abin lura a nan shi ne, nisa ya fi girma muhimmanci. In nauyinsa ɗaya da namu amma yana rabin nisan, ƙarfinsa a kan teku ba ninki 2 ba ne, ninki 8 ne, wato 2 sau 2 sau 2. A tsakiyar teku wata yana ɗaga ruwa kamar rabin mita. Wannan sabon zai ɗaga kamar mita 4, ya kuma kewaye duniya cikin kwana 10 ko ƙasa kaɗan. Ku tuna, a Mashigin Fundi na ƙasar Kanada ruwa yana hawa har mita 16 da wata ɗaya tak. Ranar da watannin biyu da rana suka jeru, tashoshin jiragen ruwa da gonakin bakin teku ba za su tsira ba. In kuwa muka kai shi ninki biyu na nisan, ƙarfinsa kashi ɗaya ne cikin 8, kuma a can rana tana iya ƙwace mana shi.

Watannin ma za su riƙa jan juna. Namu yana matsawa daga duniya kamar santimita 3.8 kowace shekara, an auna haka da madubin da 'yan sama jannatin Apollo suka fara ajiyewa a kansa a 1969. Na kusa zai fi saurin matsawa, har wata rana hanyoyinsu su kusanci juna, su yi karo ko a jefar da ɗaya.

Muna da misali a duniyar Jupita. Watanta Io yana kewaye sau 4 yayin da Europa ke yin 2, Ganymede kuma 1. Wannan jan na kai a kai yana matsa Io yana sakinsa har cikinsa ya narke, shi ya sa ya cika da duwatsu masu aman wuta. Duniyar Mars ma tana da wata biyu, Phobos da Deimos, waɗanda Asaph Hall ya gano a 1877, sai dai ƙanana ne ƙwarai, babbansu faɗinsa kamar kilomita 22 ne kawai.