Horar da Malamai Don Yi wa Makafin Ɗalibai Jagora Wajen Zaɓen Sana'a

Gabatarwa

A ƙasar Hausa, in aka ce makaho, abin da kan fara zuwa zukatan jama'a shi ne sanda da ɗan jagora da ƙoƙon bara, sai kuwa tukar igiya ga wanda ya ƙi roƙo. Amma tarihi ya nuna ba nan iyakarsa take ba. Aliyu Namangi na Zariya, mawallafin Waƙoƙin Imfiraji, makaho ne. Bitrus Gani-Ikilama, wanda ya yi karatu a makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953, ya zama ƙwararren ma'aikacin gashi da motsa gaɓoɓi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Jibrin Isa Diso kuma ya kai matsayin farfesa a Jami'ar Bayero. Wannan maƙala za ta duba irin horon da malami ke buƙata domin ya ɗora ɗalibinsa a kan irin wannan turba.

Ginshiƙai Uku

A shekarar 1909 aka buga littafin wani masani ɗan Amurka, Frank Parsons, inda ya ɗora zaɓen sana'a a kan ginshiƙai uku: mutum ya san kansa, ya san ayyukan da ke akwai, sannan ya auna biyun da hankali. Ɗalibi mai ido kan sami ginshiƙi na biyu kusan a ɓagas, domin tun yana ƙarami yake kallon makaniki da tela da malamin asibiti suna aikinsu. Wanda aka haifa makaho kuwa sunan sana'a kawai yake ji. Saboda haka aikin malami ne ya cike wannan giɓi, ta hanyar kai ɗalibai wuraren aiki su taɓa kayan aiki da hannunsu, da gayyato ma'aikata makafi su bayyana yadda suke gudanar da aikinsu.

Abin da Horon Zai Ƙunsa

Na farko, malami ya gane cewa matsalar gani hawa-hawa ce. Akwai wanda ba ya gani ɗungum, akwai kuma mai ragowar gani wanda manyan haruffa ko gilashin ƙara girma kan wadatar da shi. Haka nan wanda ya makance yana ɗan shekara goma sha biyu yana tuna launi da siffa, saɓanin wanda bai taɓa gani ba. Shawara ɗaya ba za ta dace da su duka ba.

Na biyu, ya san kayan aiki. Rubutun da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa, aka fara buga shi a 1829, an gina shi ne a kan ɗigo shida masu ba da alamomi 63. Akwai kuma tsarin Nemeth na rubuta lissafi da kimiyya, wanda wani makahon malamin lissafi ya tsara. A kwamfuta akwai manhajojin da ke karanta rubutu da murya, irin su JAWS da NVDA, wadda kyauta ce. A waya kuma akwai TalkBack da VoiceOver. Malamin da bai san waɗannan ba zai hana ɗalibi ajin kimiyya, yana ganin tausaya masa ya yi.

Na uku, ya san doka da ƙofofin da ke buɗe. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnatin Nijeriya su ware musu aƙalla kashi biyar cikin ɗari na guraben aiki. Hukumar JAMB ma ta kafa kwamiti na musamman a 2017 domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a.

Na huɗu, ya iya zama da iyaye. Sau da yawa su ne kan fara karaya, ba yaron ba.

Ina Za A Sami Horon?

Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sassan ilimi na musamman na jami'o'in Jos da Bayero, suna yaye malaman nakasassu. Sai dai galibi darasin jagoranci da ba da shawara daban ake koyar da shi, na ilimin makafi ma daban. Kamata ya yi a haɗa su, musamman a kwasa-kwasan dogon hutu na malaman da ke bakin aiki.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Idan makahon ɗalibi ya zo ya ce yana son zama lauya ko injiniyan kwamfuta, kada malam ya yi gaggawar cewa ba zai yiwu ba. Ya zauna da shi su jera ayyukan da sana'ar ta ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, su tantance wanne ne lallai sai da ido, wanne ne kuma kunne da yatsa da na'ura za su iya ɗauka. Daga nan sai a bar wa ɗalibin zaɓi, domin rayuwar tasa ce.